Harafin da Ya Faɗo

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
harafi ɗaya ya faɗo daga sunan Abelardo.
R ne, na tagulla, tsawonsa taƙi biyu.
Clorinda mai gidan burodi ta tsince shi a bakin kwata,
ta goge shi da gefen riga,
ta kwantar da shi kusa da burodin safe.

Mijin ya shekara tara a ƙasa.
Sunan ne ya rage a saman ƙofa,
shi ma ga shi da giɓi, kamar bakin tsoho.

Na zo da tsani da jakar aiki.
Ta ce, "Sa mai ƙarfi, wanda ya fi kowanne."
Na ce to.
Amma na riga na ga wanda ya kayar da R,
kuma mai ƙarfin ne:
gam ɗin nan da ake gauraya kala biyu,
ya daskare kamar ƙashi,
ya tsage kamar ƙashi.

Tagulla da rana miƙa take yi,
dare ya yi ta takure.
Bango na tasa tafiyar, a hankali.
Ƙasar garin nan ma ba ta iya dogon zama,
ba a wata uku ba ta girgiza kafaɗa ba,
kofuna su yi ta gulma a kan kanta.
Me zai hana busasshe karyewa?

Eleuterio, wanda na yi wa riƙon tsani shekara shida,
hanci yake fara kai wa gam kafin ido.
In silikon ya bugo shi da warin tsami
sai ya ce, "Mayar. Wannan ƙarfe yake ci,
baɗi war haka zai zubo wa fenti koren hawaye."
Salatif mai fuska biyu kuwa ɗan gata ne,
sai gilashi, sai santsi.
Nan siminti ne mai ƙuraje
da iskar teku ke lasa da gishiri
tun ba a haife ni ba.

Na ɗauko mai ruwan toka,
wanda in ya bushe yake zama kamar tsokar tafin hannu,
a danna ya shiga, a saki ya dawo.

Amma tukuna, aikin da ba ya cikin ciniki:
kankare tsohon har bango ya nuna fatarsa,
samfefa, sifirit, tsumma,
sannan jiran raɓa ta tashi.
Gam da aka shafa kan ƙura, ƙurar ya riƙe.
Na huda biyu, na zura ƙusoshi,
nauyi nasu ne, shi riƙon amana aka ba shi.
Na ja shi a tsaye, layi uku,
na toshe sama da gefe,
na bar ƙasan harafi a buɗe.
Eleuterio kan ce
wanda ya rufe wa ruwa kowace ƙofa
ya ba shi ɗaki ne.

Daga ƙasa ta ɗago murya: "Shekara nawa zai yi?"
Na ce, "Goma sha biyar, in rana ta yi adalci."
Ta yi lissafi da yatsu masu fulawa,
ta yi dariya ita kaɗai,
ta ce ya isa, har da canji.

Washegari na dawo cire ɗaurin da ya kwana da shi.
Na sa babban yatsa a ƙafar R, na danna.
Ya ɗan ba ni hanya, ya dawo.
Ta dafe ƙirji: "Ai motsi yake!"
Na ce, "Shi ya sa zai zauna."

Ta naɗe mini burodi biyu a takarda, da zafinsu.
Ban sauko nan take ba.
Sauran bakwai na nan kan tsohon gam,
kuma a bayan B na hango tsaga
siririya kamar gashi.
Ruwan Yuni saura mako biyar.